Katako ɗaya a gefen jirgi: gyaran da masu ƙananan jiragen Bolta ke yi da hannunsu

Tamale ba ta da kogi. Ko ruwan famfon da muke sha daga Nawuni ake jawo shi, a bakin Farin Bolta, a tace shi a Dalun sannan a turo mana. Amma wanda duk ya ratsa rumfunan makanikai na Lamashegu zai iya cin karo da injin jirgin ruwa rataye a jikin benci, ƙafarsa cikin rabin duro mai ruwa, yana ta tuƙa hayaƙi. Baƙo yakan yi mamaki. Mu ba ma yi, don Lamashegu a bakin hanyar Kumasi take, kuma hanyar nan ce ke tsallake Farin Bolta a Yapei, wajen kilomita 50 daga nan, ta je ta tsallake Baƙin Bolta a Buipe, wajen kilomita 100. Mai jirgin da injinsa ya gagari makaniken bakin ruwa sai ya kwance shi, ya naɗe da buhu, ya ɗora a mota ya sauka a nan. Na Daboya ma haka suke yi, har da na Makango, ta hanyar Salaga.

Ni kayan gyaran inji nake sayarwa, yau fiye da shekara 20, na babur da janareto da injin ban ruwa. Na jirgi a hankali suka shigo kantin, saboda yawan masu tambaya. Ba ni da jirgi. To amma abin da mutum ya saya yana gaya maka abin da yake shirin yi wa jirginsa, kuma a kan wannan nake so mu yi magana, domin a 'yan shekarun nan ba kifi da gawayi da doya kaɗai jiragen nan ke ɗauka ba. Ran Asabar da Lahadi, da bayan Sallah, matanmu da 'ya'yanmu ke ciki.

Bahaushe ba baƙo ba ne a ruwan nan. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro sun san mashigar Yeji da ta Kafaba da ta Buipe, sun san gishirin Daboya. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, da yawa daga cikin mutanen zango suka gangara Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Sai dai kogin da suka sani da tafkin da muke da shi yau ba abu ɗaya ba ne. An gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, aka tashi mutane kusan 80,000, tsohon garin Kete Krachi ya shige ƙarƙashin ruwa. Abin da ya shafi mai jirgi a cikin labarin nan shi ne ba a sare dajin ba kafin ruwa ya zo. Itatuwan suna nan tsaye a ƙasa, shekara 60 ke nan, masu taurin ba su ruɓe ba. A 2006 gwamnatin Gana ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Kanada don ya riƙa ciro katakon yana sayarwa, amma tafkin ya fi ƙarfin kamfani ɗaya, kuma ƙananan hanyoyin da jiragen ƙauye ke bi har yanzu ido da ƙwaƙwalwar direba ne taswirarsu. Ke nan wanda ke tuƙi a Bolta a kan daji yake tuƙi.

Kamun kifi galibi na Ewe ne, musamman mutanen Bator, da Ada da Fante. Namu mutanen ciniki ne ya kai su ruwa. Ɗan kasuwa ya gaji da jiran jirgin haya ran kasuwa, sai ya haɗa kuɗi shi da ɗan'uwansa a ƙera musu nasu: jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi, da injin rataye guda, yawanci Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40. Ya ɗauki yaron bakin ruwa ya riƙa tuƙa masa. Ran kasuwa jirgi na aiki. Sauran ranakun yana ɗaure, daga nan ne tunanin yawo ya shigo.

Kuma wallahi yawon da daɗi. Na je da iyalina ba sau ɗaya ba, a jirgin wani surukina da ke Yapei. A bar Tamale bayan sallar asuba, kafin hantsi an isa. Mata sun dafo wake da shinkafa tun dare, an cika kula, a bakin ruwa a sayi soyayyen kifi. Jirgi ya gangara a hankali, gada tana ƙanƙancewa a baya, sai tsuntsaye da masu jefa birgi da shanun Fulani a gaɓa. Da rani yashi kan fito tsakiyar kogi fari tas, a nan ake tsayawa a shimfiɗa tabarma, a ci abinci, a yi azahar a kan yashin. Yaron da aka haifa a zango, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin unguwa ba, ka ga ya yi tsit yana kallo. Matan da shekara ke zagayowa ba su fita daga tsakanin gida da kasuwa ba, ka ji suna dariya kamar 'yan mata. Ban ga laifin wannan ba, kuma ba don in hana kowa na ɗauki alƙalami ba. Abu ɗaya da nakan hana yarana shi ne wanka a gefen ciyayi inda ruwa ke kwance, saboda tsargiya. Tafkin Bolta ya yi suna a kanta, kuma yaron da ya dawo yana fitsarin jini asibiti za a kai shi, maganin yana nan.

To da yake jirgi ya zama na ɗaukar iyali, sai gyare-gyare suka tashi. Kafinta ya buga benci mai jingina. A shimfiɗa katako a ƙasa don kada ƙafar Hajiya ta jiƙe. A sa fenti, a rubuta sunan uwargida ko wata addu'a a goshi. A ɗaura ƙaramin faifan sola da batir don fitila da cajin waya, wani har da sifika. Duk wannan ba ruwana, kuɗin mutum ne da jin daɗinsa. Akwai ma wanda nake yabawa: ƙaramar matatar mai da ake sakawa tsakanin tanki da inji. Man da ake saye a jarka a bakin ruwa ba ya rasa datti da ɗigon ruwa, kuma rabin injinan da ake kawowa Lamashegu wai sun mutu, kafireta ce kawai ta toshe.

Gyaran da ke hana ni barci shi ne ƙarin katako a gefe.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Mai jirgi ya lura igiyar ruwa na fantsamo wa fasinja, ko ya ga in ya yi lodi bakin jirgi na kusantar ruwa. Sai ya sayo katako biyu masu faɗin taki guda, a ce santimita 20, a buga ɗaya a kowane gefe. Jirgi ya ƙara tsayi, ya yi kyan gani. Ranar farko lodi na nan yadda yake, kuma a ranar gyaran alheri ne, don ruwa ba ya shigowa. Amma idon ɗan kasuwa ba ya ganin fili ya bar shi. Mai lodi a bakin ruwa ba sikeli gare shi ba, bakin jirgi yake kallo. In da can yakan tsaya sa'ad da ya rage taki ɗaya tsakanin ruwa da baki, yanzu ma a nan zai tsaya, sai dai bakin ya hau.

Mu yi lissafi irin na kanti. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 12 da faɗin mita 2 a tsakiya. Da yake gaba ya tsuke, filin da yake kwance a kan ruwa bai wuce murabba'in mita 18 ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka duk santimita ɗaya da jirgin nan ya ƙara nutsewa, kilo 180 aka ɗora masa. Santimita 20 kuwa kilo 3,600 ke nan, buhun masara 36 in buhun kilo 100 ne, kuma kowa ya san buhun ƙauye ya fi haka. Wato katako biyu sun ba mai lodi izinin ƙara fiye da tan uku da rabi a kan gindin da ba a ƙara masa komai ba. Haƙarƙarin jirgin na nan yadda kafinta ya yi su tun farko, ƙusoshin su ne dai na da, wasu sun ci tsatsa.

Ba a nan ta tsaya ba. Gaɓar da ke tsakanin tsohon baki da sabon katako, wadda aka toshe da tsumma da kwalta a gurguje don ana ganin ai sama take, yanzu ita ce a daidai fuskar ruwa. Katakon ƙasa kullum a jiƙe yake, ya kumbura ya matse. Na sama rana ta busar da shi, ya buɗe. Ruwa ya fara tsiyaya ta nan, a bayan buhuna inda ba mai gani. Kuma ruwan da ke kwance cikin jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi mugun fasinja ne: jirgi na ɗan karkata, duk sai ya gudu can ɓangaren ya ƙara danna shi.

Sai kuma baya, inda inji ke rataye. Nan ba ya ƙaruwa, domin ƙafar inji tsawonta ƙayyadadde ne, gajera wajen santimita 38, doguwa wajen 51, kuma dole farfela ta kasance cikin ruwa. Gefe ya hau, allon baya yana inda yake, ga jirgi ya nutse da taki guda. Direba na gudu ya hango kututture ya saki mai farat ɗaya, ruwan da ke biye da jirgin ya taso ya haura ta baya. Mutane na kallon gefe suna ganin da sauran wuri, alhali ƙofar a bayansu take.

Wani abokin cinikina daga Buipe, dattijo ne ya girme ni, ya zo sayen dogayen ƙusoshi da kwalta, na tambaye shi aikin me. Da ya faɗa mini sai na ce, "Alhaji, kafin kafinta ya buga, a samu jan fenti a ja layi a jikin jirgin, daidai inda ruwa ke tsayawa yau in an yi cikakken lodi. Bayan an ƙara katakon, layin nan shi ne iyaka."

Ya ce, "To in haka ne, Malam, me na ƙara ke nan?"

Na ce, "Ka ƙara tazara tsakanin jikokinka da ruwa."

Ya yi dariya ya ce ni dai mai kanti ne, ban san tsadar mai ba. Gaskiyarsa, man da tsada, kuma sawu ɗaya da cikakken lodi ya fi sawu biyu riba. Amma ya sayi fentin. Wannan layi ba ni na ƙirƙiro shi ba. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Gana, GMA, wadda aka kafa a 2002, tana zana irinsa a jikin jiragen haya na tafkin, kuma a manyan tashoshi irin Yeji akan ajiye sojan ruwa su duba lodi. Sai dai mashigai sun fi jami'ai yawa nesa ba kusa ba. A ƙaramar mashigar da za ka sa iyalinka a jirgi ran Asabar, kai ne jami'in.

A kan katakon kansa ma da magana. Mai araha shi ne wanda ake kira wawa, sunan itacen ke nan a bakin Asante, ba zagi ba ne, ko da yake wani lokaci sunan kan dace da aikin. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin aiki, amma yana saurin ruɓewa kuma ƙusa ba ta kama shi sosai. Odum ya fi shi ƙarko nesa, ya fi shi nauyi da tsada. Wanda ya buga wawa a kan odum ya sani cewa na saman zai riga na ƙasan mutuwa.

Bayan katako sai inji. Burin kowane mai jirgi ya tashi daga doki 25 zuwa 40, in ya samu hali ya jera 40 biyu a baya, a ji ƙararsa tun daga nesa. Ni da ke sayar da kayan inji, wannan ciniki ne a gare ni, amma ga gaskiyar. Enduro 40 guda ya haura kilo 70, in an buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 20 a awa. Na biyu ya ninka nauyin da man, duka a baya, wurin da muka ce shi ne mafi kusa da ruwa. Gudun kuwa ba ya ninkuwa. Jirgi mai nauyi ture ruwa yake yi, ba tashi yake a kansa ba, kuma akwai inda in ya kai, duk man da ka ƙara igiyar ruwa kawai yake tayarwa. In ma jirgin ba lodi, kamar ranar yawo, ya samu ya yi gudun, to ga dajin nan a ƙasa. Karo ba ya tafiya daidai da gudu: ka ninka gudu, dukan ya ninka huɗu. Kututturen da zai goge gindin jirgi ya wuce in ana tafiya a hankali, shi ne zai fasa katako in ana tsere. In da mai kuɗin zai ji tawa, ƙaramin doki 15 zai saya ya ajiye a matsayin na ko-ta-kwana, don ranar da babban ya mutu a tsakiyar ruwa hadari na tasowa.

Akwai wani ɗan gyara da ba ya cin ko sidi biyar, amma ya kashe giya da yawa. A wasu injinan, farfela na riƙe ne da wani ɗan ƙarfe kamar guntun ƙusa, makanikai na ce masa fin. Da gangan aka yi shi mai rauni, don in farfela ta bugi itace shi ya karye, giya ta tsira. Wasu injinan kuma roba ce a cikin cibiyar farfelar ke wannan aiki. Direban da fin ya karye masa sau uku a wata sai ya ji haushi, ya yanko ƙusar kankare ya zura, ko ya kawo farfela Lamashegu a like ta da walda. Daga ranar ba ta ƙara karyewa, gaskiya ne. Ranar da ya bugi kututture na gaba, haƙoran giya ne za su zube, ko sandar ta lanƙwashe, kuma wannan ba a gyara shi a kan ruwa. Fin kuwa minti biyar ne, in kana da wani a aljihu da filaya. Ni nakan ce a sayi goma a ɗaure a leda a jikin tanki.

Haka masu cire tamostat wai inji ya riƙa sanyi. Injin da bai yi ɗumi yadda ya kamata ba yana ƙona mai barkatai, fulogi ya yi baƙi. In inji na zafi, robar famfon ruwa ce ta cinye, ita za a canza. Alamarta a fili take, ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji, wanda yaran gareji ke kira fitsari. In ka tayar da inji ba ka ga fitsari ba, kashe shi. Kuma kada a tayar da shi a tudu ba ruwa ko don gwaji, robar ba ta jure bushewa.

Gaurayen mai ma mutane na yi da ka. Ƙa'idar Enduro kashi 50 na fetur, kashi 1 na man inji mai bugu biyu. Galan mai lita 25, irin rawayan nan da muke kira galan ɗin Kufuor, rabin lita yake so, daidai cikin ledar ruwan sha guda. Sabon inji a awa 10 na farko ana ninka man. Firimis, man masunta mai launin shuɗi da gwamnati ke sa wa rangwame, an riga an gauraya shi, ba ya son ƙari. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, wanda wasu ke tacewa da tsumma su zuba, ba tattali ba ne, ajiyar kuɗi ce ake yi wa makanike.

Rumfa ita ce gyaran da mata suka fi so, kuma suna da gaskiya, ranar Bolta ba ta da tausayi. Masu waldan Lamashegu sun iya ta, su auna, su yanka fayif, a kai bakin ruwa a ɗaura. Abin dubawa shi ne nauyi da iska. Fayif mai kauri nauyi ne a sama, kuma duk abin da ya hau sama yana rage wa jirgi zama. In aka yi mata wurin ɗora kaya a kai, an gama lalata ta. Tamfol ɗin gefe da ake ɗaurewa tam don kare feshi, in iska ta taso ya zama tanti, ta tura jirgin ta gefe. In kuma jirgi ya kife, Allah ya kiyaye, mutane na cikin keji. Rumfa ta zama mara nauyi, gefenta a buɗe, tamfol ɗin sama kuma da igiyar da za a iya zarewa da ja ɗaya.

Wani yaro mai walda a layinmu, ɗan abokina ne, na ga yana haɗa irin mai kejin, na yi masa magana. Ya ce, "Baba, abin da mai kuɗi ya ce shi nake yi." Na ce to ya gaya wa mai kuɗin ƙarfen da zai rage ragin kuɗi ne a gare shi. Da wannan harshen aka shawo kansa.

Yanzu ga abin mamaki. Mutumin da ya kashe dubbai a inji da fenti da sifika, in ka ce ya sayi rigar ceto sai ya ce ajali ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma shi ɗin dai yana kulle kantinsa da kwaɗo uku. Mu 'yan tudu ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba, matanmu kuwa kusan babu. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai, jihar Kano, da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, fiye da 20 suka rasu, tafiyar da ba ta da wani nisa. A nan Gana, cikin Afrilun 2006, jirgin da ya kwaso mutanen da aka tasa daga dajin Digya ya nutse a hanyar Tapa Abotoase. A Oktoban 2025 wani ya kife kusa da Kete Krachi, mutum 15 suka rasu, 11 yara ne. Labarin kusan kullum ɗaya ne, lodi ya wuce kima, ba riga a jikin kowa.

Rigar babba ba ta yi wa yaro, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. A nemi ta yara, mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Hajiya ta sa tata a kan hijabi, a ɗaure, ba a riƙe a cinya ba, kuma dogon hijabi mai jan ƙasa a bar shi sai an sauka. Mai goyo ita ce matsalar da ba ta da gyara mai kyau: riga ba ta zama a kan goyo, kuma in uwa ta faɗa ruwa rigar kan juya ta rigingine, ɗan yana ƙasa. Jariri ya zauna gida wurin kaka, ko uwar ta haƙura da wannan zuwan.

Gyaran da ya fi kowanne araha kuma ba na ganin ana yi, shi ne na galan. Galan ɗin Kufuor da babu komai ciki, in murfinsa ya rufu tam, yana ɗaga fiye da kilo 20 a ruwa. Guda goma a ɗaure ƙarƙashin benci da igiya mai ƙarfi sun ɗauke nauyin inji har da saura. Jirgin katako in ya cika da ruwa, inji da kaya ne ke jan sa ƙasa. In ya tsaya a saman ruwa ko a cike, mutane na da abin riƙewa, masu ceto na da abin hangowa. Sharaɗin dai a ɗaure su, don sakakken galan shi ne farkon guduwa. A haɗa da bokiti biyu na kwarfe ruwa, da filafili biyu, da gora doguwa. Sai 'yar igiyar nan ja mai kashe inji, wadda direba ke ɗaurawa a hannu don in ya faɗa ruwa inji ya tsaya. Kusan duk injin da ya zo Lamashegu an naɗe ta a jikin hannun tuƙi, ko an cire ta an cusa tsinke.

Direban kansa a dube shi. Ɗan shekara goma sha biyu na iya riƙe inji, na gani da idona, amma ba shi zai ce wa Alhaji mai jirgi lodi ya isa ba, ba kuma shi zai ce a juya gida don gabas ta yi baƙi ba.

Lokacin zuwa ba duka ɗaya ba ne. Daga Afrilu zuwa Yuni hadarin farkon damina kan taso daga gabas da yamma, iska ta riga ruwan sama isowa, kuma a buɗaɗɗen tafki irin na tsakanin Makango da Yeji ba wurin fakewa. A tsakiyar shekara ruwan tafkin ya ja baya, kututturan da ke can ƙasa sun matso kusa da gindin jirgi. Agusta da Satumba kuwa lokacin da ake buɗe madatsar Bagre ne a Burkina Faso, Farin Bolta ya cika ya yi ja a Nawuni da Daboya da Yapei, yana tafe da gungume da ciyawa. Wannan ba ruwan yawo ba ne, ko mutanen Daboya da ke tsallake kogin da kwalekwale don zuwa Tamale, dole ce ke sa su shiga. Mu namu zuwan daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Fabrairu, ranar da hazo bai yi kauri ba har ana hango ɗaya gaɓar. Surukina yakan kwance igiya da hantsi, kuma ko ana tsakiyar hira, in inuwar mutum ta kai tsawonsa sai ya sa a naɗe tabarma, don a yi la'asar a Yapei a kama hanyar Tamale da sauran rana.